Ranar da Ejvind Krogh Ya Shiga Ruwan Tasha

Da na dawo garinmu bayan shekara tara ina karatu a waje, aka ce mini yanzu mutane na wanka a tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ban yarda ba. Ruwan da na sani baƙi ne, mai warin man inji da ruɓaɓɓen kifi. An nuna mini takardun gwaji, an zaga da ni rumbunan kaya da aka mayar gidaje, amma hankalina bai kwanta ba. Ashe akwai wanda ya fi ni tsoro.

Ejvind Krogh ya yi shekara talatin da takwas yana sauke gawayi da katako a tashar, kuma bai iya iyo ba. Haka iyayensu suka tashe su: wai wanda ya faɗa wannan ruwa da sanyi, iyo wahala kawai zai ƙara masa. Abokansa sun koya daga baya, shi kuwa ya ɓige da cika baki, wai yana saurayi ya taɓa ƙetare mashigin tashar da iyo. Saboda haka da hukumar gari ta nemi tsohon ma'aikaci ya fara tsunduma ranar buɗe wurin wanka, babu wanda ya yi gardama.

"Kai ne kifinmu," in ji Verner, tsohon abokin aikinsa. "Ka dai tsuke tumbin nan, kada ruwa ya malalo cikin gari."

Ejvind ya yi dariyar yaƙe. Sati biyu abinci ya ƙi shiga. Idonsa bai daina ganin wani abokinsu da ya zame tsakanin jirgi da bangon tashar ba, wanda sai da ƙanƙara ta narke aka ga gawarsa.

"Tsoho, ka faɗa musu gaskiya mana," in ji matarsa Bodil.

"In ce wa Verner shekara arba'in ƙarya nake yi? Gara in nutse."

"To nutse. Baƙar rigata ta makoki ta matse ni, ba zan zo jana'iza ba."

Ranar ta zo. Ejvind ya tsaya a bakin dandamalin katako, jama'a cike, ana busa. Ya leƙa. Ruwan garau, har duwatsun ƙasa yake hangowa can nesa, abin da bai taɓa gani ba duk zamansa a nan. Ya kamo hannun Verner.

"Ban iya ba," ya ce a hankali. "Ban taɓa iyawa ba."

Verner ya zuba masa ido, fuskarsa ta yi fari fat.

"Kai, amma kai shashasha ne. Da ka kashe kanka ka bar ni da alhakinka!"

Ya tuɓe takalma, ya faɗa ruwa da wandonsa, ya tsaya gindin tsanin ƙarfe na sauka ruwa. Ejvind ya sauka taki ɗaya-ɗaya, haƙoransa na kaɗawa, har ruwa ya kai masa wuya. Bai saki ƙarfen ba. Jama'a suka yi ta tafi, sun ɗauka tsufa ne.

Bayan kwana biyu na same shi a gida, na tambaye shi ko zai sake shiga.

"Ran Talata," ya ce. "Bodil ta rubuta sunana a ajin koyon iyo na 'yan shekara shida."