Tirelar da Aka Ja wa Labule

Duk direban da ya taɓa kwana a bayan shingen da ake rufe hanyar dutsen nan namu da shi da hunturu ya san Gunvor Tveiten, ko da bai riƙe sunanta ba. Direbobin ƙasashen waje Mama suke ce mata. Namu na gida kuwa, da suka san kaifin bakinta, da sun hango fitilarta sai su ce "ga ta nan", kowa ya gyara zama.

Gajeriya ce kakkaura, kuma fara'a ba ta dame ta ba. A kan tankar madara ta ƙare ƙuruciyarta, tana hawa dutsen nan tana gangarowa, har gwiwarta ta ce ta gaji. Da ta ajiye tuƙi sai ta rasa inda za ta sa kanta, ga miji ya rasu, 'ya'ya sun tare a Bergen. Shi ne ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, tireloli suka jeru a bayan shinge, sai ta ɗora tukunya. Ta zuba miyar dankali da nama, ta cika fulas da kofi, ta haɗa burodi da cuku da barguna da shebur, ta loda a akwatin da take ja a bayan babur ɗinta na kan ƙanƙara.

To, akwai wata doka tsakanin direbobi da ba a rubuta ta a ko'ina ba: in mutum ya ja labulen kan motarsa, ba a buga masa ƙofa. Wanda aka tasa daga barci yau, shi zai yi gyangyaɗi gobe a kan kwanar hanya, da kaya niƙi-niƙi a bayansa. Gunvor ta fi kowa riƙe dokar nan. Ta taɓa jifan wani da takalmi don ya tashe ta, kuma ta daɗe tana ba da labarin da alfahari.

Wata ranar Janairu iska ta taso tun da hantsi. Kafin la'asar gari ya yi duhu, hanya ta toshe gaba da baya, har motar share ƙanƙara ta haƙura ta koma. Aka ce sai gobe. Gunvor ta hau dutse.

Torleif ta fara tararwa, wani tsohon direban motar kifi da suka yi zamani tare. Ya sauke gilashi yana murmushin tsokana.

"Tsohuwa, ashe ba ki mutu ba?"

"Sai na binne ka. Miƙo kwano."

"Gishiri ya yi yawa, tun daga nan nake jin sa."

"To bari in ba wanda yake jin yunwa."

Ya miƙo kwanon da sauri.

A bayan motarsa akwai wata shuɗiyar tirela mai lambar Lithuania, labule a ja. Gunvor ta yi abin da ta saba: ta rataye ledar burodi a madubi, ta wuce sumul ba ta ko yi tari ba. Ta bi layin har ƙarshe tana rabo, kuma layin ranar ya yi tsawo.

Da ta juyo, ledar na nan inda ta bar ta, ta daskare. Iska ta tara ƙanƙara a gefen motar har ta kai ƙofa. A ƙarƙashi kuwa tana jin ɗan injin ɗumama cikin motar yana gurnani, amma ta duba ta duba ba ta ga inda hayaƙinsa yake fita ba. Bututun ya nutse a ƙanƙara. Hayaƙin da ya rasa hanya waje kuwa, ciki yake komawa, kuma ba ya tashin mai barci.

Ta koma wurin Torleif. "Mai shuɗiyar nan, tun yaushe ya ja labule?"

"Tun azahar. Algis yake da suna. Ya ce rabonsa da barci tun shekaranjiya. Ƙyale bawan Allah ya huta."

"Ka ji motsinsa?"

"Mai barci rawa yake yi? Haba Gunvor, ke ce fa mai jifa da takalmi."

Ta tsaya a gindin ƙofar, hannu a sama, ta kasa. Abin dariya ne a faɗa, amma kunya ta ji, irin ta wanda zai leƙa ɗakin da ba nasa ba. Ta ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Shiru. Ta buga da tafin hannu. Wani direba ɗan Poland ya leƙo daga motarsa ya daka mata tsawa: "Mama, labule! Ba ki gani ba?"

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta ɗauko shebur ta riƙa dukan ƙofar da ƙotarsa, dukan da ko kurma sai ya zabura. Labulen bai motsa ba. Ta ja ƙofa, a kulle. Sai ta taka matakala da gwiwar nan mai ciwo, ta ɗaga shebur ta rotsa gilashin.

Wata iska mai ɗumi da nauyi ta bugi fuskarta. Ta zura hannu ta buɗe, ta yaye labulen. Yana kwance a gadon bayan kujera, fuskarsa ta yi jajir. Ta girgiza shi, kansa ya langaɓe.

"Torleif! Fito, don Allah fito!"

Bai taɓa jin ta roƙi kowa ba, shi ya sa ya diro ko riga bai sa ba. Shi da ɗan Poland ɗin suka jawo Algis waje. Gunvor ta watsar da tukunya da fulas a ƙasa, suka shimfiɗe shi a akwatin, suka rufe shi da barguna. Da ta kira asibiti a waya aka ce mata jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi a iskar nan ba, motar asibiti kuma iyakarta gindin dutse. Sai dai ta sauko da shi.

Da suka kama gangara ba ta ganin komai sai sandunan da ake kafawa a bakin hanya, in ta wuce ɗaya sai ta lalubi na gaba. Torleif na durƙushe a akwatin, ya rungume mutumin.

"Yana numfashi?"

"Yana yi!"

Can ta sake tambaya, ba ta ji amsa ba.

"Torleif!"

"Yana yi, yana yi! Ke dai tuƙa!"

Algis ya rayu, amma bai sake riƙe sitiyari ba. Hannunsa rawa yake yi, magana kuma takan ɓace masa a tsakiyar zance. Mutanen gari sun yi ta yaba wa Gunvor, ita kuwa yabon ƙona mata rai yake yi. Ba ta tambayi likita yadda abin zai kasance ba da a ce ta buga ƙofar tun zuwanta na farko. Ta san ta tsaya a gindin ƙofar nan da burodi a hannu, mutum na shaƙar ajalinsa a ciki, ta wuce a hankali don kada ta tashe shi.

Yanzu ba labulen da take ragawa. Tana bugawa ta tsaya, iska na dukanta, kunnenta a jikin ƙofa. An zage ta da harshen Poland, an zage ta da Turkanci, an zage ta da namu harshen, har da iyayenta da ke kabari. Sai ta ji zagin ya fito sosai, da ƙarfinsa, sannan take sauke ajiyar zuciya ta matsa mota ta gaba.