Ba a Cin Iri, in ji Malam Haruna

Ku da kuka san Malam Haruna kun san ba ya gaisawa da kowa da safe sai ya fara gaida motarsa. Yana fitowa daga masallaci zai wuce ka kamar bai gan ka ba, ya nufi rumfar kara da ya kafa mata a bakin lambunsa. Ya buɗe ƙofa, ya leƙa allon, ya karanta abin da ya rage a batir da ƙarfi yadda na hayin tur'a, wato magudanar ruwan noma, su ma za su ji. In ya ce tamanin da shida, ranar akwai jabana, gahawar nan tamu, da dariya a ƙofar gidansa. In ya ce arba'in, to ka kama gabanka, ko sallama ka yi masa zai ce ka cika surutu.

Ni Abakar ina da iznin tona masa asiri, domin taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce. Tun ina rarrafe yake kirana "ɗan mace", ni kuma ina ce masa tsoho tun kafin ya yi furfura. Shekara sittin muna tsokanar juna, kuma ban ga dalilin da zai sa mutuwa ta hana ni ƙarasa nawa ba.

Ɗansa Tijjani, wanda ke aiki a Saudiyya, shi ya aiko da motar a shekarun nan da mai ya yi wuya, har mutum ya yi kwana biyu a layi a garin Hajj Abdalla ya dawo da jarka wayam. 'Yar ƙarama ce, fara, mai ƙofa huɗu, kamar ƙwarya a kife. Ranar da ta iso, ƙauye kaf ya fito. Muka zagaya ta ya fi sau goma muna neman inda hayaƙi ke fita, babu. Malam ya tsaya daga nesa ya rantse ba zai shiga abin da ke tafiya ba ya tari ba ya numfashi ba. Sai mutumin da ya kawo ta ya nuna masa cewa faifan hasken ranar da ke tayar da injin ban-ruwan lambu, su ma za su iya ciyar da ita.

"Rana?" in ji Malam. "Wagga rana da ke gasa mu kyauta, ita ce abincinta?"

Aka ce ita ce. Kafin a rufe baki yana zaune a bayan sitiyari yana gyara hula. Da ma ya tuƙa tarakta a manyan gonakin Damazin yana saurayi, hannu bai manta ba. Kuma duk wanda ya san Malam ya san ba abin da ke narkar da zuciyarsa kamar kalmar kyauta.

Mako bai cika ba ya aiko a kira ni. Na tarar ya loda buhu huɗu na dawa a cikin motar, ɗaya a gaba, uku a baya, har ya ɗaura wa na gaban bel. Na tambaye shi ko niƙa za shi. Ya ce awo za shi, sannan ya shiga gabatar mini da buhunan ɗaya bayan ɗaya: wannan mara lafiya ne, wannan mai jinya, wannan ungozoma.

"Na gaban fa?"

"Mai surutu," ya ce. "Kai ke nan, ɗan mace. Kowace tafiya ba ta rasa irinku."

Ya ja su har ƙofar asibitin garin Makwar, bai shiga ba, ya duba allo, ya juyo. Zuwan kaɗai ya ci ashirin da bakwai daga cikin ɗari. Da ya dawo sai ya ɗauko alƙalami da tawada ya rubuta "30" a takarda, ya manna kusa da sitiyari. Ya tara mu ya ce daga ɗari zuwa talatin abinci ne, kowa na iya ci. Daga talatin zuwa ƙasa kuwa iri ne, kuma ba a cin iri. Kakanninmu, in ji shi, da suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka, sun ɗaure irin gero a gefen zane, yunwa ta yi musu kisan mummuƙe a hanya amma ba su kwance shi ba, shi ya sa muka sami abin shukawa a Jazira, nan ƙasar Sudan.

Muka yi dariya, amma ba wanda bai gane ba. A kan hanyar nan ta Makwar matarsa Zainabu ta cika, shekaru da yawa da suka wuce, a kan karo, wato amalanken jaki, tana naƙuda, don an rasa motar da za ta kai ta. Talatin ɗin nan kuɗin hanyar asibiti ce da ya ajiye wa duk wanda ranarsa ta zo. Ba mu taɓa faɗa a gabansa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Daga nan muka shiga uku da dokoki. Na'urar sanyi, wadda muke ce wa mukayyif, ya haramta ta tun ranar da ya ga tana tsotsar batir. Ya sayo mafici huɗu ya rataye, kowa ya shiga a miƙa masa nasa. Hon ma ya ce yana cin wuta, alhali motar ba ta da ƙara, awaki ba sa jin zuwanta. Don haka sai ya fito da kai ta taga yana "Gafara dai! Gafara dai!" tun daga bakin lambu har kasuwa. Wata rana kuma Tijjani ya yi kuskuren gaya masa a waya cewa in motar tana gangara, batir na ɗan samun ƙari. To Jazira ai kun san ta, shimfiɗe take kamar tabarma, tudun da muke da shi duka shi ne gadar tur'a. Malam ya wuni yana hawa yana gangarowa, yana hawa yana gangarowa, wai zai cika ta a bagas. Da la'asar ya duba, ta ragu da tara. Ya ce ba laifin motar ba ne, gadar ce ba ta da albarka.

Tafiyar Damazin kuwa ba zan manta da ita ba. An yi wa ƙanensa haihuwar jika, muka ce mu shiga bas, wuni ɗaya mun isa. Malam ya ce mai mota ba ya shiga bas. Muka tashi saura kwana biyu suna. Da allon ya kusa talatin sai ya ratse wani ƙauye, ya tambayi gidan wata gwaggo da rabonmu da ita tun muna da haƙoran gaba. Aka jona waya a soket ɗin ɗakinta, aka ce sai ta yi awa goma sha wani abu. Awa uku da jonawa aka ɗauke wuta. Muka kwana, muka wuni, muka cinye wa tsohuwa kisirarta, wainar dawar nan tamu, da miyar kuɓewa. Gaba kuma muka yada zango wajen wani mai injin niƙa, wanda bincike ya nuna surukin ɗan kawunmu ne. Malam sai murna yake, yana cewa motar nan ta fi mu zumunci, dangin da muka yar ita ta tsinto mana su. Ranar da muka isa Damazin an yi kwana biyu da suna, ko ƙashin rago ba mu tarar ba. Ƙanensa ya fara ƙorafi, Malam ya katse shi.

"Mu dai a kan lokaci munka iso, ɗan'uwa. Jaririn ne ya yi gaggawa."

Wanda ya fi ba ni haushi a lokacin, ya kuma fi ba ni dariya yanzu, shi ne ranar da muka dawo daga ta'aziyya tare da liman. Ga ƙauye muna hango hasumiyar masallaci, sai allo ya nuna talatin cif. Malam ya taka birki, ya kashe mota, ya ce a sauka a tura. Liman, cikin sabuwar jallabiyarsa fara tas, ya yi gyaran murya ya ce ai lalura tana halatta abin da aka hana.

"Gaskiya ne, Allah gafarta malam," in ji Malam Haruna. "Amma gajiyar ƙafa ba lalura ba ce. Ka kama wancan gefen."

Haka muka shiga gari, liman na turi, ni ina turi, Malam na riƙe da sitiyari yana wa kaji gafara dai. Ranar Juma'a huɗuba ta kasance a kan taurin kai, kuma Malam ne ya fi kowa gyaɗa kai a sahun gaba.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda ba ya nan balle ya faɗa da ƙari. Wata damina hadari ya yi kwana uku a sama, ba ruwa ba rana, wutar gari ma shiru. Motar ta tsaya a talatin da ɗaya, ta ƙi gaba. Ni kuwa albasata ta fara ruɓewa, ranar kasuwar Hajj Abdalla ce, boksin ƙauye kuma, a-kori-kurar da ke kai mu kasuwa, yana ajiye babu mai. Na je da sassafe na roƙe shi. Na yi wasa, na yi magiya, na haɗa shi da kabarin uwata. Ya ce ba a cin iri. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina, na ce masa Zainabu ta riga ta tafi, talatin ɗinsa ba za ta dawo da ita ba. Shekara sittin muna zagin juna, ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya juya ya ci gaba da goge faifan rana da tsumma.

Azahar ba ta yi ba, ungozoma Hajja Kaltum ta fito daga ɗakin ɗiyata Saudatu, wadda ta dawo gida haihuwar fari. Ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, wannan ya fi ƙarfin hannunta, a nemi mota yanzu. Mota ɗaya ce mai motsi a ƙauyen, kuma da safen nan na yi wa mai ita abin da na yi. Na fito ina tunanin da wane baki zan yi masa magana, sai na yi karo da ita a ƙofar gida. Ba ta da ƙara, ban ji zuwanta ba. Labari ya riga ni isa, har ya buɗe ƙofofin baya.

"Ɗan mace, mi kake kallo? Ɗauko ɗiyarmu. Kai ka san wurin zamanka."

Ku da kuka ga fitarmu kun ga abin da ba a taɓa gani ba. Malam ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba har muka bar gari, awaki na tsalle, jakuna na kauce hanya. Saudatu na baya tsakanin uwarta da Hajja Kaltum, gumi na zuba mata. Ya dube ta a madubi sau ɗaya, ya miƙa hannu ya kunna mukayyif. Ni kuwa idona na kan allo. Ashirin. Sha huɗu. Tara. Kowace lamba ta faɗi sai in tuna albasata, in ga inda da mun tsaya a tsakiyar gonakin auduga da na yi nasara a kansa da safe. Da muka zo daidai wata bishiya a gefen hanya, na ji ya yi salati a hankali ya ƙara wuta, na kuwa san wurin, nan Zainabu ta cika.

Muka shiga ƙofar asibiti allon yana nuna biyu. Aka karɓe ta da gudu. Muka zauna a inuwa, ni da shi, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an sami 'ya mace, uwa da ɗiya lafiya. Na kama hannunsa zan roƙi gafara. Ya fizge hannun ya nuna mini motar.

"Huɗu ya kamata ta rage," ya ce. "Ɗaya mukayyif ya ci. Ɗayan kuwa tumbinka ne, ka fi buhun nauyi."

Ranar suna, da aka raɗa wa jaririya Zainabu, Malam ya tashi daga taro ya je ya shige motarsa ya rufe ƙofa. Da ya fito idanunsa jajir. Ya ce mukayyif ya gwada, sanyin ne ya shige masa ido. Mafici ne a hannunsa, amma ban tona shi ba, kuma wannan ne karo na farko da na bar shi ya ci ni.

Shi da tasa ranar ta zo bai nemi motar ba. Ya dawo daga lambu, ya kishingiɗa a tabarma, shi ke nan. Bayan an share makoki Tijjani ya miƙo mini makulli, ya ce wasiyyar babansa ce: a bai wa ɗan mace, shi kaɗai ya san farashin albasa. Takardar tana nan manne kusa da sitiyari, tawadar ta koɗe. Kowace safiya in na fito masallaci nakan je in karanta lambar da ƙarfi, Zainabu ƙarama na riƙe da gefen rigata tana maimaitawa. Makon jiya na sa surukina ya tura motar daga bakin gada da allo ya nuna talatin, kuma ban ji kunya ba.

Allah ka jiƙan Malam Haruna, ka yafe masa, ka yafe mini abin da na faɗa masa. Ka haɗa shi da Zainabunsa a inda ba a neman mota. Abin da ya ɗaure bai ci ba saboda bayinka, ya Allah ka sa ya tarar da shi ya tsiro. Amin.