Ajiyayyar amsa da gidan Kawu

Ban amince da ƙwaƙwalwata sosai a kan waɗannan shekaru ba. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru da rani da wanda ya faru da damina, ko na sa maganar wani a bakin wani. Zan faɗi yadda ya zauna mini.

Bayan na gama jami'a da hidimar ƙasa, na daɗe a gida a unguwar Alsawra kafin a ɗauke ni aikin wucin gadi a wani ofishi a Khartum da ke tantance waɗanda za a bar wa filayensu a unguwannin bayan gari. Sunan mutum yana wani tebur a cikin rumbun bayanai, iyalinsa a wani, shekarun zamansa a wani. Akwai tambaya guda da aka tsara wadda ke haɗa su ta fitar da waɗanda suka cancanta. Duk wanda ya zo taga, sai kwamfuta ta sake wannan haɗin daga farko. Mutum kan sha shayi ya gama amsa ba ta fito ba, layi kuma har bakin titi.

Shawarar da na kawo ba tawa ba ce, a aji aka koya mana. A yi haɗin sau ɗaya, a ajiye amsar gaba ɗaya, taga ta riƙa ɗiba daga ajiyar. Na gaya wa mudir, wato shugaban ofishin, wani tsohon hafsan soja mai magana a hankali, cewa ajiya tana tsufa, dole a riƙa sabunta ta kullum, kuma yayin sabuntawa taga ba za ta yi aiki ba. Ya ce a yi lokacin fatur, wato kalacin hantsi, tunda dama kowa yana kan kwanon waken ful.

Da farko abin ya yi kyau. Matar da ke taga, wadda ta girme ni nesa, ta ce, "Bashmuhandis, babban injiniya, ka hana ni hutuna. Da can kafin kwamfuta ta amsa na gama jin labarin unguwa guda."

Amma sunaye suka yi ta ƙaruwa, sabuntawa ta wuce lokacin fatur. In wuta ta ɗauke a tsakiya, aikin ya lalace, sai gobe. Dare kuwa ana kashe komai a kulle. Mudir ya mai da sabuntawar ranar Alhamis kaɗai. Wata Alhamis manyan baƙi suka zo suka tarar da taga a rufe, daga nan ya ce ba mai taɓa ajiyar sai da sa hannunsa. Ya ga saurin, kuma ina jin bai taɓa yarda cewa amsa mai fitowa nan take za ta iya zama tsohuwa ba.

A cikin wannan hali Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo. Ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a Jazira, ya gina ɗakuna biyu na laka a gefen unguwar Dar Salam, a ɓangaren da aka shafa wa fenti za a rushe. Wanda ya kawo takardar taga mai hatimi za a bar shi. Ya kawo shaidunsa a kan lokaci, an shigar da su. Na duba teburan da idona, sunansa ya cika kowane sharaɗi. Taga ta ce babu shi.

Muka tsaya a inuwar bango. Ya ce, "To kai da injin, wa ke gaba da wani?"

Na ce, "Kawu, sunanku yana ciki. Amsar ce ba a sabunta ba."

"Yana ciki, amma babu shi."

"Kusan haka."

Ya yi dariya kaɗan. "Uwarka ta ce kai ne ka koya masa sauri. Koya masa gaskiya mana, ɗana."

Na je wurin mudir fiye da sau ɗaya. Ban ɓoye cewa kawuna ne ba, wataƙila da na ɓoye ya fi. Na ce ba shi kaɗai ba ne, duk wanda aka shigar bayan sabuntawar ƙarshe haka yake. Ya ce in an sabunta saboda dangin ma'aikaci, gobe kowa zai kawo nasa, a bari sai an gama wannan zagaye. Na roƙi a buga wa Kawu takarda kai tsaye daga teburan. Aka ce kwamitin rusau bai san wata takarda ba sai ta taga. Na yi tunanin in sabunta ba izini. Ɗakin injin a kulle yake, makullin yana hannun mai gadi, kuma a shekarun nan an san inda ake kai wanda ya taɓa bayanan hukuma. Ban san ko da zan iya ba.

Ranar da aka rushe gidan Kawu ina ofis. Da yamma na hau motar hafila biyu na isa. Kawu yana ware tubalin da bai fashe ba, matarsa na zaune a kan ƙofar ƙarfen da suka cire. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in kama ɗaya gefen katakon rufi. Daga baya suka koma can yamma, inda ake sayen ruwa daga amalanken jaki, kuma bai sake gina ɗaki na biyu ba har ya rasu.

Ba a sabunta aikina ba a ƙarshen shekara. Lokacin da na bar wurin, taga tana amsawa nan take, ajiyar kuma tana yadda take.

Idan akwai wanda ya yi aiki a wannan ofishi, ko ya tsaya a wannan layi, ya ga na kauce, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Na fi son in ji ko an sabunta ajiyar bayan tafiyata, da abin da aka gaya wa waɗanda sunansu ya fito bayan gidajensu sun riga sun faɗi.