Dariyar da ta raba Gwaggo da tanderu

Assalamu alaikum, masu shirya wannan fili da masu karanta shi. Ni yarinya ce daga Anka, yanzu shekarata goma sha bakwai, amma abin da zan faɗa ya faru ne ina da goma sha biyar, lokacin da babu wanda ya kai ni baki a unguwarmu. Inna takan ce da baki aka fara yi na, sauran jikin daga baya aka liƙa. Ban taɓa iya ba da labari yadda ya faru ba. In na ga ɓera a madafa, kafin in kai zaure ya zama akuya, kafin in kai makaranta ya yi ƙaho. Na iya tafiyar kowa, na iya tarin limamin unguwarmu, na iya yadda malamin lissafi yake jan wandonsa sama kafin ya fara faɗa. A gidan suna ko biki mata kan jawo ni tsakiya su ce in yi musu wance, in yi musu wane, su yi ta dariya har ɗaurin ɗankwali ya kwance. Wannan dariyar ta fi mini abinci daɗi, ga shi kuwa ni ba na wasa da abinci.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta samu aiki a wani gidan burodi da wata ƙungiya ta buɗe don mata zalla, zawarawa da waɗanda aka bari da marayu. Ba gidan wani attajiri ba ne. Abin da burodin ya kawo shi ake biyan matan da shi, a sayi fulawa da yis da itace, in an samu sarari a ɗauko wata matar a koya mata. Kafin nan surfe da wankau Inna take yi wa mutane, kuma ni ake aikawa gidan kawu da kwano a rufe in abin ya yi tsanani. Tun da ta fara aikin nan kwanon ya huta, ni ma na huta da kallon matar kawu. Burodinmu yana kan teburin kusan duk masu shayin Anka, ranar kasuwa kuma in hanya ta yi lafiya yakan kai Bukkuyum har Gummi. Asabar da Lahadi nakan bi Inna in taya su zuba burodi a leda, rabi aiki rabi surutu.

A cikin matan akwai wadda kowa yake kira Gwaggo. Daga wani ƙauye take kusa da Bagega, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma babu wadda ta kai ta iya kwaɓi. In ta murza ƙullu, burodin yakan tashi kamar an hura shi. Sai dai tana da wata ɗabi'a. Takalminta a waje take bari, can nesa da ƙofa. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sau uku, ta ɗauki tsinke ta bi farcenta ɗaya bayan ɗaya. In ta taɓa ƙofa, ta koma ta sake. In wata ta ajiye farantin burodi a ƙasa ko na ƙiftawar ido, sai ka ga Gwaggo ta zaburo ta ɗauke shi. Na san ta rasa 'ya'ya a shekarun gubar dalma, lokacin da niƙan dutsen gwal a cikin gidaje ya kashe yara a ƙauyukan can. Kowa ya sani. Amma ni lokacin ina goye, don haka sanin nawa irin na labarin da ba a gidanku aka yi ba ne. Ita kuwa tana so na. Aku take ce mini, kuma kullum takan ɓoye mini gefen burodin da ya ɗan ƙone, don ta san shi na fi so.

Ranar wani suna a unguwarmu mata suka jawo ni tsakiya kamar kullum. Na yi liman, na yi matar mai unguwa tana taunar goro, sai wata ta ce in yi musu mai wankin hannun nan ta gidan burodinmu. Na cire takalmi na kai shi har bakin zaure. Na dawo na wanke hannu a iska har kafaɗa, na wanke kunne, na wanke sabulun kansa. Tsakar gida ta kaure da dariya. Da na tsaya a nan, da yau ban rubuto muku ba. Amma wata tsohuwa tana share hawayen dariya ta tambaya wai me take wankewa haka, ni kuma bakina ba ya barin tambaya ta faɗi ƙasa. Na ce ai garin gwal ne ya shige mata ƙarƙashin farce tun daga ƙauyensu, ya ƙi fita. Na ce shi ya sa burodinta ya fi na kowa nauyi, na rantse na taɓa gutsura na ga yana ƙyalli, kuma wanda ya ci guda biyu kada ya je asibiti, ya wuce wurin masu sayen gwal su ɗora shi a sikeli. Aka yi ta tafi, wata har da faɗuwa daga kan turmi. Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Tana zaune a gefe da ɗanta a cinya yana tsotsar burodin da aka jiƙa masa a shayi. Na ga ta zare shi daga hannunsa a hankali ta jefa wa kaji. Na gani, wallahi na gani, amma na juya na ci gaba da yin liman.

Ba a yi mako ba wani mai shayi ya dawo da burodinsa, ya ce mutane sun ƙi taɓawa. Washegari wasu biyu suka dawo da nasu. Motar da take kai kaya Bukkuyum ta juyo da shi yadda aka loda. Sai ga labarin ya same ni a makaranta, wata 'yar ajinmu tana raɗa mini shi kamar sabon abu: wai akwai matar Bagega a gidan burodin mata da take kwaɓi da hannu mai guba, wai an ga ƙyalli a ciki, wai wani yaro a Gummi ya ci ya fara jijjiga. Babu sikeli a ciki, babu dariya, amma na gane abina kamar yadda mutum yake gane akuyarsa ko an canza mata igiya. Shugabar gidan ta kira ma'aikatan lafiya, suka zo suka duba komai, suka ce babu abin da ke cikin burodin nan sai fulawa da sukari. Ta bi masu shayi tebur tebur tana cin burodin a gabansu. Amma a ƙasarmu, inda uwaye suka binne yara saboda abin da ido ba ya gani, wa zai ce wa uwa ta gwada da ɗanta? Tanderun da ake hurawa kullum ya koma sai bayan kwana uku. Inna ta fara duban kwanon nan na gidan kawu. Matan gidan burodin suna ta tsine wa wanda ya fara maganar, ina tsaye a tsakaninsu ina ƙulla leda, har amin nake cewa.

Wata Asabar da safe Gwaggo ta zo kamar kullum. Ta bar takalminta a waje, ta yi wankin hannunta sau uku, ta kwaɓa ƙullun ranar, ta jera shi a gwangwanaye. Da aka fitar da gashin farko sai ta cire rigar aikinta ta rataye a ƙusa, ta ce wa shugaba ita za ta koma gida. Ta ce sunanta ne a bakin mutane, ba sunan gidan ba, in ta tafi burodi zai sayu, kuma ba za ta zauna tana kallon matan da ke da yara suna komawa surfe saboda ita ba. Shugaba ta riƙe mata hannu tana kuka, tana cewa ai don irinta aka buɗe gidan nan, a yi haƙuri maganar za ta wuce. Gwaggo ta ce ta gode, amma ta riga ta ɗaure kayanta. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, ita da ba ta yi wa kowa komai ba. Da ta zo kaina ta zaro gefen burodi daga ɓoyonta ta sa mini a hannu, ta ce Aku ta rage surutu ta yi karatu. A nan ya kamata in buɗe bakin nan da ba ya rufuwa. Maimakon haka na cusa burodin a ciki na tauna.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganarta ta zama gaskiya. Da aka ji ta tafi, masu shayi suka fara dawowa, mutane kuma suka ce ai ga shi nan, da ba ta da laifi me zai kore ta. Ni kuwa bakina ya mutu. Har Inna ta karɓo mini rubutu, don ta ce tun da aka haife ni ban taɓa yin yini guda shiru ba sai da dalili. Wata rana da la'asar tana tsintar shinkafa na durƙusa na faɗa mata komai, har sikelin ban rage ba. Na zaci duka, na ma gyara baya. Ba ta taɓa ni ba. Ta ajiye shinkafar, ta ce in wanke hijabina, ranar kasuwa za mu yi tafiya, kuma da bakin da na yi ɓarnar da shi zan je in yi magana.

Mun sami Gwaggo a ƙauyensu, a gidan ƙanenta. Tun daga bakin gari ake jin ƙarar injin niƙan dutse, kuma aikin da ta samu shi ne ɗebo ruwa tana kai wa masu wankin ƙasar gwal, wato wurin da ta gudo daga gare shi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Na fara magana ina kuka ina haɗiye rabi, sai ta ce in bari, ta sani tun makon farko, waɗanda suka je sunan sun ba ta labari. Inna ta tambaye ta don me ba ta faɗa ba. Ta ce da an san ɗiyar ma'aikaciyar gidan ce ta fara, da Inna ce za ta bar aikin, ga ta da yara huɗu, ita kuwa ba ta da bakin da take ciyarwa sai nata. Sannan ta gaya mini abin da take wankewa. Ta ce da hannunta ta riƙa daka dutsen a tsakar gida, a turmin da take daka musu hatsi, yaranta biyu suna wasa a cikin ƙurar suna lasar yatsa, da hannun nan kuma take dama musu fura. Babu wanda ya gaya musu akwai wani abu a ciki. A damina ɗaya ta rasa su duka, namijin ya riga, macen ta bi shi. Ta ce tun daga nan ba ta taɓa ba ɗan wani abinci ba sai ta tabbata hannunta ba ya ɗauke da komai. Da ta gama sai ta dube ni, har da ɗan murmushi, ta ce an ce mata na iya ta sosai, in tashi in yi mata ta gani. Ni da nake yin liman a gaban matarsa, hannuna ya ƙi ɗaguwa daga cinyata.

Ta ce ta yafe mini duniya da lahira. Amma da Inna ta roƙe ta ta dawo, sai ta girgiza kai, ta ce hannun da uwaye suka riga suka ji tsoro ba zai koma cikin ƙullunsu ba, sai ranar da tsoron ya fita. Da muka dawo na faɗa wa shugaba da sauran matan. Wasu sun yi wata ba su amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na bi gidajen suna, na bi masu shayi, na tsaya a gaban ajinmu na ce ƙarya na yi. Mutane sukan ce ashe, Allah ya kyauta, sannan su ce to yanzu in yi musu tarin liman. Ƙaryata ta kai Gummi a mako ɗaya don tana da ban dariya. Gaskiyata shekara biyu ke nan ba ta wuce unguwarmu ba. Sau biyu shugaba tana aika wa Gwaggo, amsar ɗaya ce. Rigarta tana nan a ƙusar, babu wadda ta yarda ta sa.

Abin da na koya shi ne, ba kowane abin da ya ba ka mamaki a jikin mutum ne abin wasa ba, wani tabon ne da bai warke ba. 'Yan uwana masu baki irin nawa, in taro ya jawo ku tsakiya, ku dubi fuskar da ba ta dariya, ku tsaya a nan. Masu sauraro kuma, kafin ku kai magana gaba ku tambayi wa ya gani, don wani lokacin yarinya ce kawai mai neman tafi. Yanzu ni ma ina koyon kwaɓi a gidan, ina barin takalmina a waje, ina wanke hannu sau uku har gwiwar hannu. Sababbin matan suna yi mini dariya, ina barin su.

Mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi, in kun taɓa jin labarin matar da ke kwaɓa burodi da hannu mai guba, ni na ƙirƙire shi a gidan suna. Babu hannun da ya kai nata tsabta a ƙasar nan. Kun taya ni kai wancan labarin inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba, don Allah ku taya ni kai wannan, ko Gwaggo ta zo ta sauke rigarta.