Baƙuwa a Gidan Suna

A gidan suna a Moshi Zango, Latifatu mai rabon abinci tana lura da wata mata da ba wanda ya san ta. Za ta kai shekara arba'in. Mayafinta ya sha guga amma ya koɗe, shinkafar da aka ba ta kuma ta huce a cinyarta. Idonta na kan Hajiya Safura, mai asibitin haihuwa a Tafo. Matar ta miƙe, ta koma ta zauna. Leɓunanta na motsi, tana bitar abin da za ta faɗa.

Farcenta a yanke yake ƙasa-ƙasa, ba lalle, ba zobe. Wataƙila ungozoma ce da aiki ya kuɓuce mata, ga yara a gida.

Hajiya ta ɗauki jaka za ta tafi. Matar ta sha gabanta ta durƙusa.

"Hajiya, don Allah, maganar aiki ce."

"Wa ya turo ki, ƙanwata?"

Matar ta waiga tana neman fuska ɗaya da ta sani. Babu.

Latifatu ta ajiye tire, alhali ko sunan matar ba ta sani ba.

"Ni ce, Hajiya."