Rantsuwar Lado na Gwangwan

A Gwangwan, idan aka ce Alhaji, ba a ƙara suna, kowa ya san Lado ake nufi. Shi kaɗai ne a ƙauyen ya taɓa zuwa Makka, kuma da ƙafarsa ya je. Ya fita yana saurayi, shi da ƙanensa Mijinyawa da jaki ɗaya, ya yi leburancin auduga a Sudan har tafin hannunsa ya tsage, ya komo da furfura, babu jaki babu ƙane. Mutum ne mai zafin kai, ba ya barin ko ta kwana. Amma in ana suna ko ɗaurin aure shi ake miƙa wa addu'a, kuma wannan girman shi ne abin da ya mallaka duk duniya.

Ana nan, zamanin da Turawa suka fara kwasar alhazai a jirgin sama daga Kano, sai Sanusi mai awon gyaɗa a Rogo ya tafi. An yi shuka yana gida, kafin a cire gyaɗa har ya dawo, ga haƙorin Makka yana walƙiya. Lado ya ji, ya tofar da goron bakinsa.

"Makka ce ko kasuwar Ƙaraye? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya! A Kano ya ɓuya."

Haka ya bi gari yana yayatawa, har magana ta kai gaban dagaci. Aka tara su a zaure. Lado ko gaisuwar Sanusi bai amsa ba, ya hau shi da tambaya kan garuruwan hanyar Makka.

"Kai yaro, kwana nawa daga Abeshe zuwa Fashir?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ruwan rijiyoyin hanya fa, zaƙi ko zartsi?"

"Ban sha ba. Hartum dai mun sauka, jirgi ya sha mai, mu muka sha shayi. Ba mu cika kwana biyu ba sai ga Jidda."

Shayi! A ƙasar da Lado ya kusa mutuwa da yunwa. Ransa ya ɓaci, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ka shaida. Wallahi tallahi, in yaron nan ya taka Makka, kada in sake amsa sunan Alhaji!"

Dagaci ya ce, "Haba Alhaji, janye, baki shi ke yanka wuya." Ina! Lado ya maimaita.

Sanusi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, da ma da saƙonka na zo, ka hana ni ƙofar gidanka. Akwai wani dattijo mai ɗingishi da ke sayar da ruwa kusa da Harami. Da ya ji ni mutumin Rogo ne sai ya fashe da kuka. Ya ce sunansa Mijinyawa, in gaida Yaya Lado, in gaya masa ƙafar ta warke amma ba za ta kai shi gida ba."

Babu wanda Lado ya taɓa gaya wa zancen ƙafar nan da ta sa ya baro ƙanensa a can. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Mutane ba su daina ce masa Alhaji ba, shi ne ya daina waiwayowa. In an miƙa masa addu'a sai ya nuna wani da haɓa. Jirgi kuwa in ya wuce ta sama, ya dinga antaya masa zagi ke nan har ƙararsa ta ɓace. Ranar jana'izarsa liman ya tambayi sunan da za a faɗa, matarsa Tani ta aiko daga cikin gida cewa a ce Lado, haka ya bar wasiyya.