Ƙafar Karkandar da Na Sassaƙa

Ban taɓa ganin karkanda da idona ba, amma na taɓa yi mata ƙafa. Turmi da taɓarya nake sassaƙawa a Jambutu, nan Garwa, kuma ba yabon kai ba, matan unguwa ba sa kallon na wani in nawa na ƙasa.

Kawuna mai bin sawu ne a wani ƙauye kudu da kogin Binuwai. Mutanen ƙauyen sun ware daji guda, ba noma, ba kiwo, ba saran itace, saboda karkanda ɗaya da ake cewa ta rage a ciki. Shi ke yashe mata tafki, shi ke rigima da makiyaya in sun kutso da shanu. In ya durƙusa kan sawu ya ce jiya da la'asar ta wuce, ba mai ƙara tambaya. Wannan sunan shi ne duk abin da ya mallaka.

Sai shekaru suka ja ba a ga sawunta ba. Manoman auduga suka matsa wa jauro, mai garin, ya raba dajin. Ana cikin haka aka ce masu bincike za su zo, in ba su same ta ba an gama magana.

Ɗan kawun nan, taubashina, mai gadin dajin ne. Ya same ni a rumfa da wani tsohon hoton sawun dabba.

"Kai mai turmi, ka iya ƙafa, ko sai ramin daka?"

"Taka ce ta gaji da gudun ɓauna?"

"Ta karkanda. Yatsu uku ne kawai, se fasil, ba wuya. Daji za mu ceta."

"Kawu ya sani?"

"Baba? Rufa mini asiri!"

Na so in ce don dajin na yarda. Gaskiya cika baki ne ya ja ni, ba na son a ce akwai abin da ya gagari gizagona. Kwana biyu na yi kan guntun icen ƙirya, har ina jin daɗin kaina.

Taubashina ya bi bakin tafki yana danna ta a laka. Da baƙi suka iso aka kira Kawu. Taubashina ya ce Kawu ya daɗe a durƙushe, sannan ya ɗago ya dubi ɗansa, ya ce a gaban jauro, "Ita ce."

Baƙin ba su ruɗu ba. Suka auna, suka ga duk sawun ƙafa ɗaya ce, babu kashi, babu reshen da aka gutsura. Aka ce tsoho ne ya kitsa ƙaryar, aka sallame shi. Damina biyu, dajin ya zama gonar auduga. A teburin mai shayi ana kiransa mai karkandar itace. Ni kuwa na ja bakina na tsuke, shekara uku ban taka ƙauyen ba, saboda tsoro da kunya.

Sai da ciwo ya kwantar da shi na je. Matarsa na daka a turmin da na yi mata tun tuni. Muna gama gaisawa ya ce, "Ɗana, gizagon nan naka har yanzu da giɓinsa?"

Na tambaye shi yadda ya san da giɓin.

"Na gan shi a laka. Layi siriri, irin na gindin turmin can."

"To Kawu, me ya sa kuka ce ita ce?"

"In na ce ba ita ba ce, sai a tambayi wa ya yi. Ɗana da ɗan ƙanwata."

Na fara roƙon gafara, bai ko saurara ba. Ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo ƙafar, ya ɗora mini a cinya.

"Yatsan tsakiyar nan ya tsuke, nata ya fi haka faɗi. Gyara mini. Jikokina na tambayata yadda take, ba ni da abin nuna musu."

Na kawo ta Garwa, ina cewa in na koma zan tambaye shi faɗin. Sati bai cika ba ya rasu. Tana nan rataye a rumfata. Nakan sauko da ita in ɗauki gizago, sai in tuna babu sauran wanda zan tambaya.